Bola Jari Ce: Tarihin Yadda Muke Mayar da Tarkace Kayan Gida

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ya san irin bidiyon nan: hannaye biyu, almakashi da tsohuwar gorar ruwa, kafin minti guda ta zama gidan fulawa ko mazubin cokula. Mukan kalla mu yi sha'awa, mu tura wa 'yan'uwa, wani ma ya rubuta a ƙasa cewa Bature akwai dabara. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, a gidajen da aka haife mu akwai fitilar gwangwani, da gugan taya, da murhun da aka yanko daga jikin duro, ba kuwa wanda ya taɓa ɗaukar su hoto. Mayar da abin da aka yar ya koma abin amfani tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ta girmi gwangwanin kansa da ɗaruruwan shekaru. Ya kamata mu san tarihinta, domin sharar da ke toshe mana kwatoci a yau ta fara taruwa ne daga ranar da wannan sarƙa ta tsinke.

Kafin zuwan gwangwani

Mu fara daga marina. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, misali ce ta wurin da kusan ba a zubar da komai. Idan ruwan baba ya gaji, ya daina kama tufafi, akan kwashe laka mai kauri da ta kwanta a gindin rijiyar rini. Wannan laka ita ce katsi. Akan cura ta, a shanya, a ƙona. Wani kaso ya koma cikin sabon haɗin baba, wani kuma a gauraya shi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi, a sami laso. Da laso ake shafe cikin rijiyoyin rinin don kada su tsotse ruwa, da shi ake shafe rufin soraye don su jure damina. Ka ga sharar marini da sharar majemi sun haɗu sun zama simintin magini, tun ba a taɓa jin sunan siminti ba.

Haka abin yake a jikin ɗorawa. Garinta a sha, kalwarta a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba, wadda ake yaɓe katanga da ita ko a yi daɓen ɗaki. Karan dawa bayan girbi shi ne danni, shi ne gado, shi ne makamashi, tokarsa kuma a tace ta a yi amfani da ruwan. Ƙaiƙayi yakan shiga ƙasar gini, dusa ta tafi wurin dabbobi. Mai yin man gyaɗa ba ta zubar da tunkuza, da ita take murza ƙuli-ƙuli. Ko tuwon da ya kama a gindin tukunya ba a wanke shi a zubar: a ɓamɓare shi, a shanya, ya zama ƙanzo, ranar da babu cefane a jiƙa a kwaɗa.

Ƙwarya kuwa tana da likitanta. In ta tsage, sai a jira gyartai ya zo wucewa, ya huhhuda gefen tsagar ya ɗinke ta, ta koma aiki. Ranar da ta fashe ta wuce ɗinki, ta zama sakaina, a riƙa kwashe shara da ita ko a zuba wa kaji tsaba. Tukunyar ƙasa in ta fashe, kaskonta ya zama abin ɗebo wuta daga maƙwabta ko na turare. Harshenmu ya ba ɓaraguzan nan sunaye nasu na kansu, sakaina da tsingaro da tsumma, domin kowannensu yana da aikin da yake yi. Mutane ba sa wahalar raɗa wa abin banza suna.

Babban misali shi ne na taki. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ga kuma yawan jama'a. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya bayyana yadda abin ke tafiya. Da rani jakuna kan shigo birni ɗauke da itace, su fita da mangala cike da toka, da kashin awaki, da sharar tsakar gida. A jibge su tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa. Gonar ta ba da gero da dawa, hatsin ya koma birni, birnin ya sake mayar da shararsa gona. Jujin unguwa a wancan zamani dukiya ce da ake saye da sayarwa.

Kada mu ɗauka kakanninmu sun yi haka ne don wata aƙidar kare muhalli. Dalilai biyu ne a fili. Na farko, komai da hannu ake yin sa, saboda haka komai yana da tsada. Wadda ta san wahalar kaɗi da wanda ya san wahalar saƙa ba za su yar da tsumma ba. Na biyu, duk abin da ke cikin gidan daga ƙasa ya fito, kuma ƙasa tana iya karɓar abinta. Abin da bai gyaru ba zai ruɓe, abin da bai ruɓe ba zai ƙone ya zama toka.

Jirgin ƙasa da abin da ya zo da shi

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso birnin a 1911. Jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu zuwa Ikko ba ya dawowa wayam. Yana zuwa da atamfa, da gishiri, da kananzir, da kayan gwangwani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana zuwa ne a cikin wani abu, kuma wannan abin da aka ƙunso kayan a ciki shi ne ya buɗe sabon babi.

Kananzir yakan zo a cikin garwa mai cin galan huɗu, wato kimanin lita 18. Da man ya ƙare, sai garwar ta fara rayuwa ta biyu. A ɗaura biyu a bakin sanda, a saɓa a kafaɗa, ga mai sayar da ruwa ya samu kayan aiki. Har yau da jarkoki da kura suka maye gurbinta, 'yan garuwa muke ce musu. A fasa ta a miƙar, ta zama ƙyauren ɗaki ko rufin rumfa. Dilolin atamfa kuwa da siririn ƙarfe ake ɗaure su, wanda muka raɗa wa langa-langa. Duk wanda ya yi firamare a shekarun baya ya san langa-langar yankan ciyawa, ya kuma san wuƙar da ake wasawa daga gare ta.

Gwangwanin madara ya yi abin da ya fi haka. Ya shiga kasuwa ya zauna kusa da mudu da tiya, ya zama ma'auni. Har gobe da gwangwani ake auna shinkafa da wake a ƙananan kasuwanni, da kwalba ake auna man gyaɗa da manja. Kamfanin da ya ƙera su bai taɓa nufin haka ba, amma da yake girmansu ɗaya ne ko'ina, sai suka ba mai saye da mai sayarwa abin da za su yarda da shi. Shi dai wannan gwangwani, in aka huda murfinsa aka zura lagwani, ya zama fitilar a-ci-bal-bal ta kananzir, wadda ta gaji ta man gyaɗa. Masu tsire da masu shayi da almajirai masu karatun dare sun daɗe suna cin moriyarta.

Maƙera su ne suka fi kowa jin wannan sauyi. Ƙira daɗaɗɗiya ce a Kano: an gano burbushin matoyar tama a gindin Dala da shekarunta suka koma wajen ƙarni na 7, kuma labarin gargajiya yana cewa maƙeran Gaya ne suka zo wurin neman tama. Ɗaruruwan shekaru ana haƙo dutsen, a narka shi da gawayi da zuga-zugi, aiki na kwana da kwanaki kafin a sami abin ƙera fartanya. Da tarkacen ƙarfen jirgi da na mota suka yawaita, sai narkar da tama ta mutu a hankali, domin ba mai shan wannan wahala alhali ga ƙarfe mai kyau a yashe. Ƙirar dai ba ta mutu ba, kayan aikinta ne suka sauya. Sifirin mota ya zama gatari da adda, duro ya zama kaskon suya da baho da akwatin ƙarfe. Philip Jaggar, wanda ɗaliban Hausa suka fi sani da littafin nahawu, ya rubuta littafi guda a kan maƙeran birnin Kano da yadda suka bi wannan zamani, an buga shi a 1994.

Bayan yaƙin duniya na biyu wata sabuwar sana'a ta ɓullo a Afirka ta Yamma, ta bazu daga wajen Senegal har ta iso gare mu: zubin tukunyar alminiyam. A tattara tsofaffin kwanoni da sassan inji da gwangwanayen lemo, a narka su, abin da ke buƙatar zafin da ya kai digiri 660. A danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi ta bar siffarta, a zuba narkakken ƙarfen a gurbin. Manyan tukwanen da ake dafa abincin biki da na sadaka da su, yawancinsu ta haka aka same su.

Tayar mota ma ta bi layi. Gugan fata ya ba gugan roba wuri a bakin rijiya. An yanka takalmin da makiyayi zai yi shekara yana taka ƙaya da shi. An tsaga robar ciki ta zama maɗaurin kaya a bayan keke, ta zama danƙon harbin tsuntsu. Yara kuwa ba a bar su a baya ba. Wanda ya fara da motar kara, yana fere ɓawo yana soka shi a totuwa, shi ne ya koma motar langa-langa mai tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa, da sitiyarin waya mai tsawo. Ba mai koya wa yaro wannan a aji. Yakan zauna ne kusa da wanda ya girme shi, ya kalla, ya ɓata biyu, ta uku ta yi tafiya.

Shekarun matsi

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya so ya sa mu raina waɗannan abubuwa. Kaya na shigowa daga waje da araha, mai fitilar gwangwani ya koma abin tausayi. Sai farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta zube. A Nijar ma an rage darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Abin da ake saye sabo jiya ya gagari talaka yau, sai aka koma wa masu gyara da masu ƙira.

A irin wannan yanayi ne kasuwannin tarkace suka bunƙasa. Panteka ta Kaduna ta yi suna har sunanta ya zama na duk wata kasuwa irinta, ko a Abuja take. A Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Yamai akwai Katako. Wanda ya shiga ɗayansu zai ji ƙarar guduma kafin ya ga mai bugawa: nan ana ƙera kurfoti, can ana walda ƙofa, gaba kaɗan ana zubin tukunya. A bayan waɗannan masu sana'a akwai dogon layi na mutanen da ke kawo musu kaya, daga yaro mai buhu da maganaɗisu a kan juji, zuwa mai kura da ke bi gida-gida yana musayar tsofaffin kwanoni da sabuwar roba, zuwa dillalin da ke da sikeli, zuwa mai tirelar da ke kai ƙarfe kamfanonin narkawa na Legas da Ogun. Mun kira su 'yan gwangwan, mun kira su 'yan jari bola. Sunan na biyu ya faɗi gaskiyar sana'ar: bolar ita ce jarin.

Ba mu yi wa waɗannan mutane adalci ba. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, masu sace murfin kwata da wayar lantarki, kuma hukumomi sun sha hana sana'ar a wasu birane saboda haka. Amma mafi yawansu suna yin aikin da hukumar tsafta ta kasa yi, ba safar hannu, ba takalmin kirki. Sake narka alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini. Yaron da muke kora daga ƙofar gida yana cikin masu yi wa duniya wannan tanadi, ko da shi bai sani ba.

Inda sarƙar ta tsinke

Leda ce ta karya tsarin. Gwangwani yana da nauyi, yana da kuɗi, in an bar shi ma tsatsa za ta cinye shi. Baƙar leda, da ledar fiya wata da ta mamaye garuruwanmu tun daga shekarun 1990, ba su da nauyin da zai sa a tsince su, ba sa ruɓewa, ba sa gyaruwa. Suka maye gurbin ganye da takarda da kwanon da akan tafi da shi kasuwa. Jujin da manomi ke saye a da ya cika da su, sai ya tsaya tsincewa kafin ya watsa a gona, abin da ya tsere masa kuma ya zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin shanu da awaki. Kwatocin da suka toshe kuwa, da ruwan sama ya sauka sai su mayar mana da abin da muka zuba musu har cikin ɗaki. Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda a 2014, amma duk wanda ya ga bishiyoyin bayan gari sun yi furen baƙar leda ya san doka kaɗai ba ta isa ba.

Wani abin kuma, ba kowane tarkace ne ya dace da gida ba, kuma tarihi ya koya mana wannan da tsada. A 1988 aka gano dubban durorin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, abin da ya sa Nijeriya ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba da hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Darasin ya shafi tsakar gidanmu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na feshin ciyawa ba ta zama ta ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna cewa wasunsu na sakin gubar dalma cikin abinci, saboda irin tarkacen da ake haɗawa wajen narkawa. Mu da muka ga yadda dalmar wurin haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Haka ƙona taya ko wayar lantarki don a ciro ƙarfen ciki, da fasa tsohon batir a inda yara ke wasa.

Abin da ya rage a hannunmu

Duk da haka hannun bai manta ba. Mai zoɓo da mai kunun aya sun ba gorar ruwa rayuwa ta biyu. Mata na wanke ledar fiya wata su saƙa jaka da ita. Ana farke buhunan shinkafa a ɗinke su su zama shimfiɗar shanya hatsi. Ƙyallayen da suka zuba a shagon tela suna zama matashin kai da abin goge ƙafa. A gidajen haya da ba su da fili, ana cika buhu da ƙasa da taki a shuka tumatir da alayyafo, a huda murfin gora ta riƙa ɗiga musu ruwa a hankali. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, wata ƙungiya mai suna DARE ta gina gida sukutum da dubban gorunan roba da aka ɗura wa yashi aka jera kamar tubali. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kuwa, matasa na ciro allon wannan matacciyar waya su dasa wa waccan, kamar yadda gyartai ke yi wa ƙwarya.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan hali sarai, ko da yake ba mu cika danganta shi da Panteka ba. Da wuya mu fara aiki daga babu. Mukan ɗauko abin da wani ya rubuta ya bari a buɗe, mu yanke abin da ba mu so, mu haɗa da namu. Kwamfutar da aka ce ta tsufa mukan ɗora mata Linux ta ci gaba da aiki. Amma sana'ar tamu ta koya mana wani abu mai ɗaci: aikin da ba a rubuta bayaninsa ba, ranar da mai shi ya tafi ya tafi da shi. A nan ne tarihin da muke magana a kai yake cikin haɗari. Mutum nawa ne a unguwarku za su iya faɗin yadda ake haɗa laso, kashi nawa na katsi, kashi nawa na gashi? Yaushe rabon da a ji kiran gyartai a lungu? Yaranmu sun iya neman bidiyon yadda ake yin mota da kwali daga wata ƙasa, amma da yawansu ba su taɓa riƙe motar kara ba.

Wayar da muke kallon dabarun wasu da ita tana da kyamara. Tsohon magini da ya san makuba yana nan da ransa a wani ƙauye, haka tsohuwar da ta iya tace toka, haka maƙerin da zai kalli ƙarfe ya gaya maka ko zai yi gatari. A je a zauna da su, a nemi izininsu, a ɗauka da Hausa, a rubuta ma'auni da sunayen kayan aiki yadda suka faɗa. A gida kuma a ware gwangwani da gora da ƙarfe daga sharar da ke ruɓewa, a miƙa wa mai jari bola nasa cikin mutunci, sauran ya koma gindin shuka. Ranar Asabar a ba yaro kara da tsohon silifa, a zauna kusa da shi. In ya ɓata biyu, a bar shi ya yi ta uku.